Zaman Gida Lafiya: Ruwan Da Muka Zubar, Wa Zai Sha?

Ga kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, masu lambu kuwa sun soma gyaran injin ban-ruwa. Yanzu ne kududdufai su ke janyewa, rijiyoyi su yi ƙasa, ruwan da ya rage kuma kowa ya sa masa ido. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu yi zancen ruwan da ya ɓaci: yadda a ke gyara shi, inda a ke zubar da shi, da wanda za a iya sake yin aiki da shi.

Abin da ya jawo zancen shi ne wata ziyara da muka kai wani gida a Dagumawa, cikin ƙasar Wudil. Mun tarar da uwargida tana goye da yaro wanda bai daɗe da cika shekara ba, idonsa ya faɗa, wuyansa ya yi laushi. Ta ce tun shigowar damina sau uku ke nan zawo yana kama shi. Kakar yaron tana zaune a gindin rumbu, sai ta ce, "Haƙori ne, 'yar nan. Duk 'ya'yan da na haifa haka suka yi." Uwargida ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "To, Inna, ai yayarsa ma ta yi, ga ta kuwa shekararta shida."

Muka roƙi maigida ya zaga da mu. A bayan katanga muka ga inda rariyar gida ta ke zuba, wani kwatami ne buɗe, ruwansa baƙi ƙirin, ƙudaje sun rufe shi. Muka auna da ƙafa daga nan zuwa rijiya, taki goma sha biyu. Rijiyar ba ta da murfi, bakinta daidai da ƙasa, guga kuma yana yashe a inda awaki su ke kwana. Maigida ya ɗebo ruwa ya nuna mana, ya ce, "Malam, dubi fa, garau ya ke kamar na famfo." Gaskiyarsa, ruwan garau ya ke. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka kuma cikin yaro ba ya lalacewa banza.

ƘAZANTA IRI BIYU CE

Kafin a yi maganin abu sai an san shi. Ƙazantar da ke ɓata ruwa iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ta fari ita ce ƙazanta mai rai, watau ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa waɗanda ido ba ya gani. Yawancinsu daga bayan gida na mutum da kashin dabbobi su ke fitowa. Su ne ke kawo zawo, da atuni, da taifot, da shawara, da amai da gudawa, watau kwalara. A shekarar 2021 fiye da mutum 100,000 a Nijeriya aka yi zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Tun a 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta shiga ɗaya ɗaya, ya ga yawancinsu daga famfon rijiya guda su ke ɗiban ruwa. Daga baya aka gane wani ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar ne ya ke tsiyaya a cikinta. Abin da ya faru a Landan shi ne muka gani a bayan katangar nan, gama ƙasa tana da hanyoyin da ruwa ya ke bi waɗanda ba mu gani.

Ta biyu ita ce ƙazanta marar rai, watau guba irin ta magunguna da ƙarafa: maganin feshi, baƙin mai, ruwan batir, dalma, zaiba, da gishirin kurom wanda masana'antun jima su ke aiki da shi. Wannan ba ta cika kayar da mutum nan take ba. Tana taruwa a jiki kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, ta taɓa ƙoda ko hanta ko ƙwaƙwalwar yaro. Abin da ya kamata kowace uwargida ta riƙe shi ne, wuta tana kashe ƙazanta mai rai, amma ba ta kashe ƙarfe. Idan aka tafasa ruwan da ke da dalma, ruwan ne zai ragu, dalmar tana nan.

DAGA INA RUWAN WUDIL YA KE ZUWA?

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Wudil ya dubi kogi, to ruwan koguna biyu ya ke kallo. Ɗaya shi ne Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, ya ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ɗayan shi ne Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Ƙaraye a 1992. Sun haɗu a wajen Tamburawa, kudu da birnin Kano, suka zama kogi ɗaya. Shi ne ya ratsa Wudil, ya wuce Ringim da Haɗeja, ya shiga fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa har ya nufi Tafkin Chadi.

A kan hanyarsa Kogin Challawa yana wucewa ta gefen unguwannin masana'antu biyu, Challawa da Sharaɗa, inda a ke da manyan majemu da sauran masana'antu. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin. Na Bompai kuwa wata hanya ya ke bi, ta rafin Getsi zuwa Jakara, har madatsar Wasai ta wajen Minjibir.

Kakanninmu da bagaruwa su ke jima, abin da ya fito daga itace ya koma ƙasa ya ruɓe. Jimar zamani da gishirin kurom a ke yinta domin ta fi sauri. Sai dai fata ba ta shanye shi duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yakan rage a cikin ruwa. Idan ba a gyara ruwan nan ba kafin a sake shi, kurom ɗin da gashi da kitse da sauran magunguna duk kogi za su nufa. Malaman Jami'ar Bayero da na waɗansu jami'o'i sun sha auna ruwan Challawa a ƙasa da inda magudanun masana'antu su ke zuba, sun kuma sha samun kurom da dalma fiye da yadda ya kamata a samu a ruwan sha.

Ba muna cewa kogin Wudil ya zama guba ba ne. Tafiyar da nisa, ruwan Tiga yana surka na Challawa, ƙarfe mai yawa kuma yana kwantawa cikin laka tun a hanya. Amma maganar da mu kan ji, wai ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, ba gaskiya ba ce. Ɗauka ya ke yi ya kai wa na gaba. A garin Minamata na ƙasar Japan wata masana'anta ta yi ta zuba ruwa mai zaiba a teku, kifi ya ɗauka, masunta da iyalinsu suka ci. A 1956 aka gane cutar, bayan mutane sun soma makyarkyata suna kasa magana, ba a kuwa daina zubar da ruwan ba sai 1968. Mutumin Dagumawa da ya sayi kifi ko latas a kasuwar Wudil ran Jumma'a yana da rabo a cikin kogin nan ko da bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Mu kuma abin da muka zubar, mutanen Ringim da Haɗeja ne za su karɓa.

GYARAN RUWAN SHA A GIDA

A gidan ruwa irin na Tamburawa aiki uku a ke yi. A zuba alif, wanda waɗansu su ke kira alimun, domin laka ta dunƙule ta kwanta. A bi da ruwan ta cikin yashi a tace. Sa'an nan a sa maganin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Uwargida tana iya yin ukun nan a ɗakin girkinta.

1. Kwantarwa. A nemi randa uku. Ruwan da aka ɗebo yau a zuba shi a ta fari. Gobe a tsiyaye na sama a hankali zuwa ta biyu, jibi zuwa ta uku, daga ita a ke ɗiba. Ruwan da ya kwana biyu lakarsa ta kwanta, kuma tsutsar tsargiya da ke fitowa daga katantanwar kogi ba ta wuce kwana biyu da rai idan ba ta sami jikin mutum ba. Idan ana sauri, a sa ɗan alif. Idan babu, ga zogale a bayan ɗaki. A ɓare busassun 'ya'yansa, a daka su lukui, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita ta ruwa mai laka. A dama garin da ɗan ruwa, a zuba, a juya da sauri, sa'an nan a juya a hankali, a bar shi awa guda. Za ku ga lakar ta sauka ƙasa.

2. Tacewa. A sa farin ƙyalle mai tsabta, a ninka shi huɗu, a ɗaure a bakin randa. Kada a raina wannan. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Babu allura, babu ƙwayar magani da ke kashe kurkunu. Da matacin ƙyalle, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga kududdufi aka yi yaƙin. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Yawancin aikin nan matan ƙauye ne suka yi shi a bakin randunansu.

3. Kashe ƙwayoyin cuta. Kwantarwa da tacewa suna rage ƙazanta ƙwarai, amma ba su gamawa da ita. Sai an ƙara ɗaya daga cikin ukun nan. Ko a tafasa ruwan har ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya cur. Ko a sa maganin kulorin da a ke sayarwa a kantin magani, bisa ga awon da aka rubuta a jikinsa, a jira rabin awa. Ko kuwa, idan itace ya yi tsada, a cika farar gorar roba mai haske wadda ba ta fi lita 2 ba, a rufe, a kwantar da ita a kan kwanon rufi ta sha rana awa 6. Idan akwai hadari ko hazo mai kauri sai ta kwana biyu. Kulorin da rana duka ba su aiki sosai a ruwa mai laka, don haka kwantarwa ce ta fari kullum.

Bayan wannan duka, sau da yawa a cikin gida ne ruwa ya ke sake ɓaci. Yaro ya dawo daga wasa ya tsoma moda har da hannu, an koma gidan jiya. A rufe randar sha da faifai ko murfi, a yi mata moda mai dogon mariƙi wadda a ke ratayewa, kada kuma a sha da ita, a zuba a kofi. Jarkar mai garuwa ma a leƙa cikinta, idan ta yi gansakuka a ce ya wanke.

Idan kuwa zawo ya riga ya kama yaro, kada a jira. A dama ruwan gishiri da sukari na fakiti. Idan babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe, da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti idan idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko an ga jini.

INA ZA MU ZUBAR?

Buɗaɗɗen kwatami gonar sauro ce da ƙuda, yara kuma suna faɗawa. Maganinsa rami ne mai cike da duwatsu. A haƙa shi faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi. A jera manyan duwatsu ko fasassun bulo a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. A shigo da bututu daga makewayi, a rufe bisa da tsohon buhu ko kwano, a bi da ƙasa. Ruwan zai nutse ba wanda ya gan shi. A bakin rariya a sa tsohon gwangwani mai huji cike da ciyawa domin ya tare maiƙo da guntun tuwo, a riƙa canza ciyawar kowane mako, in ba haka ba ramin zai toshe. Inda ƙasa ta ke da yumɓu, ruwa ba ya nutsewa, gara a ja doguwar kwata marar zurfi a dasa ayaba a bakinta.

Ramin nan da masai duka su yi nisan mita 30 daga rijiya, watau kamar taki arba'in na babban mutum, su kuma kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Kada zurfin masai ya kai ga ruwan ƙasa. A lura, rijiyar maƙwabci ma rijiya ce. Ita kuma rijiyar a ɗaga bakinta ya kai gwiwa ko fiye, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangarewa waje, a yi mata murfi, a kafa sanda ta rataye guga.

Kashin jariri ba tsabtatacce ba ne kamar yadda waɗansu su ke zato, ƙwayoyin cutarsa ma sun fi yawa. Shi da ruwan da aka wanke tsummansa, masai za a kai su, sa'an nan a wanke hannu da sabulu ko toka.

Ga 'yan'uwa manoma kuwa muna da roƙo. Kada a wanke injin feshi a kogi ko a bakin rijiya. Idan magani ya ƙare a kwalba, a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin a fesa a gonar da aka yi wa aiki, sa'an nan a huda kwalbar domin kada wani ya zuba mai ko nono a ciki. Baƙin man inji da na babur a tara a galan a sayar wa masu saye, kada a tuttular a kwata. Masu zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa domin kifi ya taso, su sani dukan wanda ya ci kifin ya ci maganin, hukuma kuma ta hana. Kifin da aka tarar ya mutu yana yawo a kan ruwa, kada a tsince shi. Wanda aka saya kuwa a cire kayan cikinsa da matsatsin da ya ke numfashi da su a yar, gama a hanta da nan ne ƙarfe ya fi taruwa.

RUWAN DA ZA A SAKE MORA

Sake amfani da abin da aka zubar ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Marina irin na Ƙofar Mata ba su yar da lakar da ta kwanta a gindin karofi. Su kan kwashe ta, a busar, a ƙone, ta zama katsi. A haɗa katsi da gashin jima da dafara a yi laso, da shi a ke shafe karofin da soraye. Haka kuma tun zamanin da jakuna su ke fita daga birni da mangala cike da shara da toka zuwa gonakin karkara, su komo da itace. Dabarar nan ce manyan birane su ke yi da ruwa yanzu. Birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, inda ruwan sama ya ke da wuya, tun 1968 ya ke gyara ruwan magudanunsa ya mayar da shi famfo ana sha. Singafo ma ta bi sahu a 2003. Amma wannan aikin injuna ne da masu awo dare da rana. A gida ba mu gyara ruwan kwata domin sha.

Abin da za mu iya shi ne shayar da itatuwa. Ruwan wanka, da na ɗaurayar tufafi, da wanda aka wanke hatsi ko ganye da shi, idan aka tara na gida guda a yini, ya isa ya rayar da gwanda biyu, da zogale, da lemo, har su ƙetare bazara. Ga ƙa'idodinsa. A zuba a gindin itace, a rufe gindin da ciyawa ko kara. Kada a ajiye shi ya wuce kwana ɗaya, zai yi wari. Kada a zuba shi a kan abin da a ke ci ɗanye. Ruwan wanki na fari mai kumfar garin sabulu yana da gishiri wanda ke kashe ƙasa a hankali, shi sai ramin duwatsu, ko a riƙa canza wurin zubawa. Masai ma idan ya cika, a rufe shi da ƙasa a bar shi shekara 2, abin da ke ciki zai zama taki. Mafi sauƙi a dasa mangwaro ko darbejiya a kansa.

Masu lambu da ba su da wani ruwa sai na rafi mai ƙazanta, ba za mu ce su bar sana'a ba, gama da ita su ke ci da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2006 ta fitar da shawarwari a kan haka, cewa a kafa shinge da yawa tsakanin ruwan da bakin mai ci. Wanda ya sami hali ya haƙa rijiyar fadama nesa kaɗan da gaɓa, domin yashi ya tace masa, kamar yadda mata su kan tona yashin kogi da rani su ɗebi ruwa mai haske. A tara ruwa a rami ya kwana kafin a ba shuka. A bi da shi ta kwari tsakanin kunya, kada a watsa a kan ganye. A tsai da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin a cire, rana ta yi aikinta. Inda ruwan ya fi muni a shuka abin da a ke dafawa, a bar latas da kabeji da karas. Kada kuma a wanke kayan lambu a ruwan kwata a kan hanyar kasuwa. Uwargida kuwa, latas da tumatir da za a ci ɗanye, ta wanke su da ruwa mai tsabta, ta jiƙa su cikin ruwan da aka ɗiga wa kulorin, ta fere abin da a ke ferewa. Sai dai a tuna, wanki ba ya fitar da ƙarfen da shuka ta riga ta sha. Ruwan da ya fito kai tsaye daga masana'anta, mai launi da wari, bai dace da kowane lambu ba.

ABIN DA YA FI ƘARFIN GIDA ƊAYA

Ƙarfen da ke cikin kogi ba a randa a ke maganinsa ba, sai a bakin masana'anta. Hanyar kuwa sananniya ce. A ware ruwan kurom daban, a zuba masa farar ƙasa ko makamancinta, kurom ɗin ya kwanta kamar laka, a kwashe a narkar a sake jima da shi. Mai masana'anta ya rage sayen magani, kogi ya huta. Sauran ruwan a bi da shi tafki bayan tafki, iska da rana da ƙananan halittu su cinye ƙazantar kafin a sake shi.

Doka ma tana nan. A 1988 aka gano an shigo da dubban gangunan guba daga Italiya an jibge a garin Koko, wanda yanzu ya ke cikin Jihar Delta. Abin ya tada hankalin ƙasa, a shekarar nan gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idodi musamman domin masaƙu da majemu, waɗanda suka wajabta gyara ruwa kafin a zubar. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Idan kun ga kogi ya canza launi, ko yana wari, ko kifi yana mutuwa, ku rubuta ranar da wurin, ku gaya wa mai unguwa da dagaci, a kai wa hakimi da kansila da duba-gari na ƙaramar hukuma. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil tun 2001, wadda yanzu a ke kira da sunan Aliko Ɗangote. Unguwa tana iya haɗa kai ta nemi a auna mata ruwan rijiyarta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma takardar da gida talatin suka sa wa hannu ta fi ƙorafin mutum ɗaya a bakin kasuwa.

MUN KOMA DAGUMAWA

Bayan mako shida muka sake bi ta gidan nan. Maigida da ƙanensa sun cike tsohon kwatami, sun haƙa ramin duwatsu can ta gangare. Kuɗin siminti bai samu ba tukuna, amma sun ɗaga bakin rijiya da bulo, sun rufe ta da tsohuwar ƙofar kwano, guga yana rataye. Uwargida tana tafasa ruwan yara, na manya kuma tana shanya shi a gora. Yaron yana rarrafe a tsakar gida yana bin kaza. Kakar ta dube mu ta ce, "Haƙoran ne suka gama fitowa." Ba mu yi musu da ita ba, gama mun lura ita ce ta ɗinka farin ƙyallen da ke bakin randa, ita ce kuma ta ke korar duk jikan da ya zo tsoma hannu.

Kafin fitowa ta gaba, muna roƙon kowane gida ya yi abu uku. Maigida ya auna da ƙafarsa daga masai da kwatami zuwa rijiya mafi kusa, tasa ko ta maƙwabci. Uwargida ta dubi randar sha da modarta. Yara kuma a ba kowannensu itace ɗaya da zai riƙa shayarwa da ruwan wanka. Ku rubuto mana abin da kuka tarar, da dabarun da ku ke yi a wajenku waɗanda ba mu ambata ba, domin sauran masu karatu su amfana. A wata mai zuwa za mu yi zancen ginin masai mai bututun iska, wanda ba ya wari ba ya tara ƙuda.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani watan.